Wata huɗu da kwalin The Twilight Zone

Ƙanena da ke karatu a Amurka ne ya taho mini da shi da ya zo hutu. Kafin ya taso ya bugo waya yana tambayar tsarabar da nake so, a zatonsa turare zan ce ko agogo. Na ce ya nemo mini cikakken kwalin fayafan DVD na The Twilight Zone, shirin talabijin na almarar kimiyya, na asalin, wanda tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 1959 zuwa 1964. Ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, baƙi da fari ne fa, kuma ya girme ka nesa ba kusa ba." Na ce shi ɗin dai nake so. Na hannu ya samo, kwalin ya ɗan sha jiki ta gefe, amma fayafan, ashirin da 'yan kai, duk suna ciki. Yau wata huɗu da kwanaki ke nan ina kallo, na cinye zango huɗu na shiga na biyar, don haka na ga na isa in tofa albarkacin bakina.

Ta wajen daraktan fim Alfred Hitchcock na biyo har na iso nan. Na shekara ina maimaita finafinansa Rear Window na 1954 da Psycho na 1960, har na koma karanta sunayen nan da ake jerawa a farkon fim, waɗanda yawancinmu ke tsallakewa. A nan na san Bernard Herrmann, mutumin da ya haɗa kiɗan Psycho da dangin goge zalla, babu ganga babu busa, amma ya sa tsikar jikin mutum tashi. Da na ji shi ya yi kiɗan buɗe zangon farko na wannan shiri, sai na ƙulla niyya. Wanda ya saba jin ɗan kiɗan garayar nan mai maimaita kansa da aka fi sanin shirin da shi kada ya tsorata in ya sa faifan farko bai ji shi ba. Wancan na Marius Constant ne, kuma sai a zango na biyu aka fara sa shi. Ni dai na Herrmann ya fi kwanta mini, yana tafiya a hankali kamar hazo.

Daren farko ban kalli komai ba. Na sa faifai, na'ura ta yi ta juyi, ta tofo shi. Ashe fayafan DVD suna da lambar yanki: Amurka da Kanada yanki na 1, mu a Najeriya da mafi yawan Afirka, tare da Indiya da Rasha, yanki na 5. Na'urar da aka kulle a wani yanki ba ta karanta faifan wani. Kwamfuta tana yarda a sauya mata yanki, amma sau biyar kacal, daga nan ta tsaya a kan na ƙarshe. Washegari na shiga kasuwa da faifai ɗaya a aljihu, na yi ta gwadawa har na samu na'urar da ba ruwanta da yanki. Duk mai shirin yin odar irin wannan kwali daga waje, ya fara duba wannan kafin ya biya kuɗi.

Da hoton ya fito kuwa, sai da na gyara zama. A kan fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauki shirin, irin na silima, shi ya sa ya fito tas. Ana ganin zufa a goshin ɗan wasa da saƙar rigarsa. Hoton kusan murabba'i ne, don haka a talabijin na zamani za a ga baƙi a hagu da dama. A bar shi haka. Na taɓa danna rimot na baje shi ya cika fuska, kowa ya koma gajere mai faɗin kai.

Kashi 156 ne gaba ɗaya, kowanne labari ne mai zaman kansa, da sababbin mutane. Yawancinsu minti 25 ne ko kusa da haka. Rod Serling, wanda ya ƙirƙiri shirin, shi kaɗai ya rubuta 92, sauran kuma Charles Beaumont da Richard Matheson suka fi yawa a ciki. Serling ke buɗe kowane kashi, shi ke rufewa. A zangon farko muryarsa ake ji, daga na biyu ya fara bayyana, sanye da kwat, sau da yawa da taba a hannu, yana magana haƙora a cije. Maman yara ta ce mutumin nan "ga ta nan ga ta nanku" kawai yake yi da Turanci. Ta yi gaskiya, sai dai shi in ya zo rufewa ba ya cewa ƙarya ce ya yi.

Sai da na karanta tarihinsa na gane abin da ya kai shi ga almarar kimiyya. Tsohon sojan laima ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Filifin, ya dawo ya yi suna wajen rubuta wasan talabijin. A 1955 aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Mississippi, kotu kuma ta wanke waɗanda suka kashe shi. Serling ya rubuta wasa a kan haka. Masu ɗaukar nauyin shiri suka ji tsoron rasa kasuwa a kudancin ƙasar, aka yi ta yanka ana sauyawa, har wanda aka kashe ya koma wani baƙo daga waje, garin kuma aka ɗauke shi daga kudu. Daga nan ya gano cewa maganar da aka hana ɗan Adam faɗa a talabijin, in aka sa ta a bakin halittar wata duniya, mai talla ba ya ko ɗaga kai. Kusan duk abin da ke da kyau a kwalin nan daga wannan dabara ya fito.

Misali shi ne "The Monsters Are Due on Maple Street" na watan Maris 1960. Wani abu ya gifta a sama, wuta ta ɗauke a layin gaba ɗaya, waya ta mutu, mota ta ƙi tashi. Wani yaro ya ce ya karanta a littafi cewa halittun sama kan turo 'yan leƙen asiri su zauna cikin mutane kamar kowa. Shi ke nan. Motar wani ta tashi da kanta, aka ce shi ne. Aka tuno ai yakan fito cikin dare yana kallon sama. Aka waiwayi wani mai harhaɗa rediyo a ɗakin ƙasa. Kafin dare ya raba, maƙwabci ya harbe maƙwabci. Amurkawan da suka kalle shi a lokacin ba su daɗe da fita daga zamanin Sanata Joseph McCarthy ba, lokacin da zargin kwaminisanci kaɗai kan raba mutum da aikinsa, don haka sun san inda aka dosa. Mu a falo dariya muka fara yi, don a wajenmu ɗauke wuta ba ya sa kowa zargin kowa, gidan da fitila ta kama kuwa an san mai sola ne. Amma da aka kai wurin da jama'a suka taru a ƙofar mutum ɗaya, kowa na tuno wani abu da ya taɓa gani game da shi, dariyar ta tsaya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda jita-jita ke tara mutane a kan bawan Allah ya san wannan tsayuwar.

A nan ne nake ganin Serling da Hitchcock suka haɗu. Hitchcock yakan ba da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In mutum biyu suna hira bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙoƙi. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, an nuna agogo, to hirar banza ma sai ta zame masa azaba, yana ji kamar ya yi musu ihu. Mutane sun fi tuna The Twilight Zone da juyin da labari ke yi a minti na ƙarshe, wanda ya fi kama da bam ɗin ba zato. Amma da na maimaita wasu, na lura waɗanda suka fi ƙarfi su ne waɗanda ko ka san ƙarshen ba sa raguwa. "Eye of the Beholder" haka yake: mace kwance a asibiti, fuska naɗe da bandeji, likitoci da nas-nas suna ta kai da kawo, kyamara kuma ta ƙi nuna fuskar ko ɗaya, daga inuwa sai baya sai hannu. Tun minti na biyar ka san ana ɓoye maka wani abu, jiran shi ne ke cin rai. "The Invaders" ya ma fi: mace ɗaya, Agnes Moorehead, a gidan gona, ba ta furta kalma ko ɗaya har aka gama, tana fama da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da suka sauka a kan rufinta. Halittun kamar kayan wasan yara suke. Numfashinta da idanunta ne suka ɗauki nauyin labarin. Ba zan faɗi ƙarshen waɗannan biyu ba.

Ɗaya kawai zan tona, don ya daɗe da zama sananne, kuma don ya taɓa ni. A "Time Enough at Last", Burgess Meredith ya fito a ma'aikacin banki mai masifar son karatu, matarsa ta hana shi a gida, shugabansa ya hana shi a ofis. Yakan ɓuya a ɗakin ajiyar kuɗi lokacin cin abinci ya yi karatu, a nan ne bam ɗin nukiliya ya tashi, ya fito ya tarar shi kaɗai ya rage. Ya samu kangon ɗakin karatu, ya jera littattafan shekara da shekaru a kan matakala, ya sunkuya zai ɗauki na farko, tabaransa ya faɗi ya tarwatse. Ni da ba na iya karanta saƙon waya sai da gilashi, sai na ji hannuna ya kai fuskata. Har yau ina ganin an zalunci mutumin nan, bai yi laifin da ya kai haka ba, kuma wataƙila shi ya sa labarin ya ƙi barina.

To amma kashi 156 ba za su zama duka zinariya ba. In Serling ya ce zai ba da dariya, yawanci abin ba ya tashi. "Cavender Is Coming" da ƙyar na kai ƙarshensa. Wani lokaci kuma wa'azi ke kwashe shi, ɗan wasa ya tsaya ya yi ta zuba jawabi alhali labarin ya riga ya faɗi abin. A zango na biyu akwai kashi shida da aka ɗauka a kaset ɗin bidiyo don rage kashe kuɗi. Da ka zo kansu za ka gane, hoton ya dushe, haske na jan jela, babu gyaran da zai mai da su kamar sauran. Da farko na zaci faifan ne ya lalace. Zango na huɗu, na 1963, kashi 18 ne masu tsawon awa guda, kuma labarin da minti 25 ya ishe shi in aka ja shi ya ninka, sai ya yi ruwa. Wanda ya tsira a ganina shi ne "On Thursday We Leave for Home", labarin shugaban wasu mutane da suka shekara 30 maƙale a wata duniya mai zafi, ya riƙe su da alkawarin za a zo a kwashe su, ranar da jirgin ya iso kuma ya kasa sakin ragamar.

Amurkar da ke cikin shirin ta farar fata ce kusan zalla, mata kuma galibi matan gida ne ko sakatarori. Shi ya sa "The Big Tall Wish" na 1960 ya fita daban, inda Ivan Dixon ya fito a ɗan dambe, kusan duk manyan 'yan wasan baƙaƙe ne, kuma labarin bai mai da launinsu abin magana ba. A talabijin ɗin wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kwalin kansa yana da nasa. Wanda na samu bai zo da rubutun magana a ƙasan hoto ba, Turancin Serling kuwa mai nauyi ne, yana kuma sauri, sai na riƙa mayar da buɗewar baya sau biyu. An ɗora fayafan wani kan wani, in za ka ciro na ƙasa sai ka taɓa na sama. Ɗaya ya zo da ƙarzuwa, yana tsayawa a tsakiyar wani kashi na zango na uku, ko da yake wannan ladan sayen na hannu ne. Duk da haka ban yi da-na-sani ba. Ba ya cin data, ba ruwansa da ƙarfin sabis, kuma babu ranar da zan wayi gari a ce an cire shi daga manhaja. Babu tsiraici, jini ma da wuya ka gani, ana iya kallo da iyali, sai dai taba tana yawa.

Shawarata ɗaya ce ga wanda ya samu: kada ya yi masa kallon fim mai dogon zango, a zauna a kwashe goma a dare ɗaya. Na gwada a makon farko, zuwa na huɗu na fara cankar ƙarshen labari tun kafin a je, daɗin ya gudu. Sau ɗaya a mako aka riƙa nuna shi. Ni kashi ɗaya nake kalla bayan sallar isha'i, in kashe.

Jiya muka kai "Nightmare at 20,000 Feet" na Oktoba 1963, rubutun Matheson. William Shatner, shekara uku kafin ya zama kyaftin a shirin Star Trek, ya fito a mutumin da bai daɗe da warkewa daga taɓin hankali ba, yana cikin jirgin sama da dare ana ruwa, ya hango wani abu a kan fiffike yana ɓarke injin. Duk sanda ya kira wani ya duba, abin ya ɓace. Ya ja labulen taga ya rufe, ya zauna yana kallon labulen, hannunsa na zuwa yana dawowa. Da dodon ya fito sosai, 'yata mai shekara goma ta fashe da dariya, ta ce, "Baba, ai wannan mutum ne ya sa rigar tunkiya." Haka ne kuwa. Da aka gama na kashe na'ura, ta tashi za ta ɗaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in zo in sake mata labulen tagarta, ita ba za ta taɓa shi ba.