Henri ko Anri: yadda idon Ingilishi da na Faransanci suke karanta suna ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a gidan kallon ƙwallo ake cewa "Tiyeri Henri", amma masu gabatar da labarai a sashen Hausa na RFI suna cewa "Tiyeri Anri", kuma wanne ne daidai. Sunan tsohon ɗan ƙwallon Faransa ne, Thierry Henry, kuma Anri ne daidai. Haruffan boko ɗaya ne, amma ƙa'idar karanta su a Ingilishi daban, a Faransanci daban. Mu da muka yi makaranta a Najeriya, idonmu ya saba da ta Ingilishi, shi ya sa muke tuntuɓe.

Mai Ingilishi yana furta H ɗin farko. Bafaranshe ba ya furta ta sam, kuma "en" ɗin da ke biye ta hanci take fita, kamar "an" wadda ba a rufe ta da harshe ba. Ƙarshen kalma ma haka ne: Ingilishi yakan kai harafin ƙarshe har gida, Faransanci kuwa sau da yawa yana barin d, t, s da x a kan takarda. Giroud "Jiru" ne, Paris "Pari", Bordeaux "Bordo". A nan nake jinjina wa iyayenmu. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, direbobin tasha suke cewa Fijo, da kunne suka ɗauka, kuma sun fi kusa da daidai a kan ɗan boko mai ƙoƙarin furta t ɗin ƙarshe. Sai dai c, f, l da r galibi ana furta su, don haka Chirac "Shirak" ne.

Wannan sunan ya kawo mu ga "ch". Ingilishi na karanta shi kamar c ɗinmu ta "ciniki", Faransanci kuwa "sh". To idan Bafaranshe yana son rubuta c ɗinmu fa? Sai ya sa "tch". Shi ya sa Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, Kunce ne kawai. Haka "dj" j ɗinmu ce: Tandja, Tanja.

Shawarata ita ce ka riƙe sunayen maƙwabtanmu a matsayin makulli, domin ka riga ka san yadda ake faɗinsu. "Ou" dai u ce: Issoufou, Isufu, Bazoum, Bazum. Idan wasali ya biyo ta sai ta koma w. Tahoua ita ce Tawa, Garoua da Maroua na Kamaru su ne Garwa da Marwa da fatakenmu suka sani, Ouagadougou kuma Wagadugu. Na taɓa jin wani matashi yana karanta labari, ya kai kan Tahoua ya ce "Tahowa", alhali kakarsa 'yar can ce. Abin ya tsaya mini a rai. "Oi" kuma "wa" ce, daga nan Côte d'Ivoire ta zama Kodebuwa a bakinmu.

Sautuka biyu ne za su ba ka aiki. R ɗin Faransanci daga maƙogwaro take fitowa, kusa da gainun da muka koya a makarantar allo, ba kamar ta Ingilishi ba. Sai "u" idan ta zo ita kaɗai, kamar a sunan Hugo: ka turo leɓe kamar za ka ce u, amma harshenka ya ce i, H ɗin kuma shiru. Sauran wasulan a tsaye suke kamar namu, ba a jan su yadda mai Ingilishi yake ja. In ka ga é mai ɗigon kwance a Kanté ko Mbappé, ka furta e ɗin Hausa, ka ɗan ƙarfafa gaɓar ƙarshe.