Dabino ko kwakwa a filotin Ikorodu?

Alhaji, ka ce ka samu filoti a Ikorodu kana son dasa dabino irin na gida, wani kuma ya ce maka kwakwa ta fi. To gaskiya mutumin nan bai yi ƙarya ba.

Shi dabino zai tsiro a Legas sarai, har ya yi ganye shar ka ɗauka ka dace, matsalar sai lokacin 'ya'ya. Dabino yana son saiwarsa ta samu ruwa amma sama a bushe ƙayau da zafin rana, musamman in 'ya'yan sun fara nuna. Shi ya sa yake yi a Dutse ta Jigawa, inda hukumar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wato NIFOR, ma take da tashar bincike a kansa. Nan Legas kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na Kano, ga laima ko da rani, kai ma ka san yadda takalmi ke yin fumfuna a ƙarƙashin gado, to haka 'ya'yan za su tsage su yi tsami su ruɓe tun suna sama. Kuma akwai namiji akwai mace, in ƙwallo ka shuka kusan rabi maza za su fito, ba ka ganewa sai sun yi fure bayan shekaru, sannan sai an hau an zuba wa macen garin furen namijin da hannu. Wahala kenan kan abin da ba za ka ci ba.

Kwakwa kuma laimar da ke lalata 'ya'yan dabino ita take so. Danshi, ruwa mai yawa, ƙasa mai rairayi, ko ɗan gishiri-gishiri ba ya damunta, je ka Badagry ka ga yadda suka jeru bakin teku. Fure namiji da mace duk a bishiya ɗaya suke, kuma tana zuba kusan duk shekara. Gajeren iri yakan fara shekara 3 zuwa 4, dogon sai 6 zuwa sama.

Abu ɗaya dai, duba filotin da damina wajen Yuni ko Yuli. In ruwa na kwanciya kwana da kwanaki saiwar ba za ta sha iska ba, ganyen ya koma rawaya, sai ka tara ƙasa ka ɗaga wurin kafin ka dasa. Dabinon buɗa-baki kuma, Alhaji, a ci gaba da saye a Agege kawai.