ICD-10 na WHO ko ICD-10-CM: wanne ya dace da lambobin M30 da M31?

Ɗan'uwa, tunda takardun inshorar Amurka za ka riƙa sa wa lamba, ICD-10-CM za ka ɗauka, wato bugun Amurka na ICD-10, littafin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), babu wani dogon lissafi. Da shi suke aiki tun 1 ga Oktoba, 2015, kuma shi ne a kan teburina.

A cututtukan da ke kumbura jijiyoyin jini har bangonsu ya mutu, wato na rukunin M30 da M31, ne za ka ji daɗinsa. Ga fayil ɗin mai cutar Wegener, ɗaya daga cikinsu, likita ya rubuta ta taɓa ƙoda: M31.31, an gama. In ƙoda lafiya lau, M31.30. Ka rubuta M31.3 tsurarta, takardar ta dawo maka, don lambar ba ta cika ba. Amma fa sai likita ya rubuta da hannunsa. Ganin jini ko furotin a gwajin fitsari bai ba ka hurumin sa M31.31 ba, koma ka tambaye shi. Ita ma M31.1, lambar toshewar ƙananan jijiyoyin jini da gudajin jini, an raba ta uku tun Oktoban 2021: M31.10 in ba a fayyace irinta ba, sai M31.11 ga wanda aka yi wa dashen ɓargo, sai M31.19 na sauran ire-irenta, inda wadda ake kira TTP ke shiga. Kumburin jijiyoyin jini mai alaƙa da ANCA (wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke juyowa kan jikin) kuwa ya samu tasa lambar, I77.82, a Oktoban 2022.

Na WHO, to, ba laifi in ƙididdigar asibiti ce ko ta mace-mace. A can ƙodar mai Wegener lamba biyu take ci, M31.3† ta asalin cutar da N08.5* ta illarta a ƙoda, tsarin da babu shi sam a CM.

Kawasaki M30.3 ce, Takayasu M31.4, duk wanda ka buɗe a cikin littattafan biyu. Inda sababbin hannu ke zamewa shi ne kumburin jijiyoyin jini na IgA (wani sinadarin garkuwar jiki): D69.0 ne, ba ya cikin M31.

Ka yi hattara da masu sayar da littafin a intanet. Wasu tsohon bugu suke sauya wa bango, su manna shekarar bana. Kafin ka tura ko sisi, ce a ɗauko maka hoton shafin M31.1 da na I77. In ba ka ga M31.19 da I77.82 ba, tsohon kaya ne. Ana sabunta CM kowane 1 ga Oktoba, fayilolinsa kuma kyauta ne a shafin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, to sauke na bana ka fara da shi.