Kafin ka sayi kayan busa na ƙungiyarka: wane saiti ya dace da bikinmu a Sudan?

Yawancin samarinmu masu kiɗan biki a Gadarif da Kasala da Bor Sudan suna da mawaƙi, suna da urgun, wato piyanon lantarki, suna da mai ganga. Abin da ya rage musu shi ne mabusa na gaske. Urgun yana kwaikwayon saks, wato saksofon, ba a musu, amma wanda ya taɓa jin su Sharhabil Ahmed ko ƙungiyar Akarib ta zamanin jaz ɗin Khartum ya san iskar da ta fito daga ƙirjin mutum daban take. Tambayar ita ce me za a fara saye, tunda kuɗi ba su da yawa kuma kayan duk daga waje ake kawo su. Hanya mafi sauƙi ita ce a dubi shahararrun rukunonin mabusa na duniya, a lissafa abin da kowanne zai ci maka a aljihu.

Ni dai tsarin Memphis Horns nake so, kuma shi nake ba kowa shawara a kai. Mutum biyu ne ginshiƙinsa: Wayne Jackson da turumbeta, Andrew Love da saks tenor. A kamfanin Stax na birnin Memfis a Amurka suka haɗu cikin shekarun 1960, suka yi wa Otis Redding busa, daga baya suka yi wa Al Green da Elvis Presley, har aka ba su Grammy ta girmamawa a 2012. Ka saurari aikinsu da kyau, za ka ji ba sa tsere da mawaƙi. Ya yi baiti ya ja numfashi, su cike gurbin da ɗan gajeren layi, su yi shiru. Amshi suke yi, irin wanda 'yan amshi ke yi wa makaɗi a wajenmu, shi ya sa salon yake zama daram a kan waƙoƙinmu na khumasi, masu murya biyar. A Stax sau da yawa ba a ma rubuta musu komai, mawaƙi ne zai rera layin da baki su ɗauka da kunne, kuma haka yaranmu ke koyo.

Ga sauƙin saye. Turumbeta da tenor duk a kan muryar da ake kira Si bemol aka gina su, don haka suna kiran muryoyi da suna ɗaya, tenor dai yana ƙasa da zango guda, wato murya takwas. Mutum biyu, akwati biyu, raksha ɗaya ta kai su wurin biki. A turumbeta, Yamaha YTR-2330 ta ɗalibai ta ishe ka shekaru. A tenor, ka nemi YTS-280, ko tsohuwar YTS-23 idan ka samu wadda ba a wahalar ba. Jupiter ta Taiwan ma ba laifi. Idan tenor ta fi ƙarfinka ka ɗauki alto, ta fi araha kuma ta fi sauƙin riƙewa ga yaro, sai dai kaurin muryar nan da ke tallafe turumbeta zai ragu.

Tsarin mabusan James Brown, wato Maceo Parker da Fred Wesley da Pee Wee Ellis, shi ne mataki na gaba: ka ƙara turumbon. Yana da daɗi, amma sandar turumbon da ta ɗan lotsa ta gama aiki, kuma mai gyaranta a nan sai an tona. Tower of Power na Oakland mabusa biyar ne har da bariton, babban saks mai kaurin murya, wannan kuɗin mota ne. Phenix Horns na Earth, Wind & Fire gudu ne da muryoyin can sama, leɓe ake shekaru ana horarwa, ba a sayensa a kanti. Na Fela Kuti a Legas yana tsaye ne a kan bariton ɗin Lekan Animashaun, kuma mai biki a Mai Wurno ba zai biya mutum goma sha ba.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Saks ɗina na farko wani dillali ne ya kawo mini, da sunan babban kamfani a jikinsa, yana ƙyalli, har da farin safar hannu a cikin akwatin. Kafin damina ta wuce maɓallan ƙasa sun lanƙwashe, fatun da ke rufe ramuka sun ɓamɓare, mai gyara ya ce ƙarfen ba ya ɗaukar dalma. Dillalin kuwa ya canja lamba. Tun daga nan ba na duba ƙyalli, ga abin da nake dubawa.

Ka shiga ɗaki mai duhu, ka zura ƙaramar tocila cikin saks, ka danne maɓallai a hankali kamar yadda za ka danna lokacin busa. Duk inda haske ya ɓullo, iska na zurarewa ta nan. Sannan ka busa murya mafi ƙasa a hankali, ba da ƙarfi ba. Idan sai ka yi nishi take fitowa, fatun sun mutu, kuma sake su gaba ɗaya yana iya kusan kai kuɗin saks ɗin. Zafinmu da ƙura suna busar da fata, a Bor Sudan kuma raɓar teku na cin sukurori, don haka wanda ya daɗe a ajiye ya fi wanda ake busawa kullum haɗari. A turumbeta, ka zare ɗaya daga cikin ƙananan bututun fistan ba tare da ka danna fistan ɗin ba. Mai lafiya za ta yi ƙara "fop". Idan ta fito shiru, fistan ya cinye. Ka zare su ukun ka ga lambobi 1, 2, 3 a jikinsu, ka duba bututun da ke bin bakin busa ko akwai ɗigo-ɗigon ja, alamar tagullar na ruɓewa daga ciki.

Jabu sun fi yawa a sunayen da aka fi so: Yamaha, Selmer, da Bach Stradivarius. Wanda ya ce zai sayar maka da Selmer Mark VI sabuwa fil, ƙarya yake, an daina ƙera alto da tenor ɗinta tun shekarun 1970. Ka nemi hoton lambar jikin kayan da hoton zanen sunan, ka kwatanta da na asali a intanet. Kayan busa shuɗi da ja da baƙi masu sheƙi a farashin banza, ka bar su. Har risha, wato siririn karan da ake ɗaurawa a bakin saks, ana yin jabunta, don haka kwalin Vandoren ko Rico mai arha fiye da kima abin tuhuma ne. Mai koyo ya fara da risha mai lambar tauri 2 ko 2.5.

Akwai kuma tsoffin kayan badujala na zamanin Ingilishi da ake kawowa a ce ƙarfen da ne. Ƙarfen na iya zama mai kyau, amma wasu an gina su a kan murya mafi tsayi da ta yau, ba za su taɓa daidaita da urgun ba. Ka sa manhajar saita murya a wayarka a kan 440, wato ma'aunin murya na yau, ka gwada ƙasa da sama kafin a yi ciniki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kayan ganima. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 an wawashe gidajen makaɗa da ɗakunan ɗaukar sauti a Khartum da Omdurman, daga baya har Madani. Idan mutum ya kawo maka saks mai tsada babu akwati, bai san yadda ake haɗa wuyansa ba, an kankare lambarsa, ɗan'uwa ka miƙa masa kayansa ka tashi. Mai shi yana wani gari yana gudun hijira, abin cin abincinsa ke nan.

Idan kana da wani a Jidda ko Alƙahira, gara ya shiga kanti ya sayo da rasit, ya ɗauko maka bidiyo mai kantin yana busawa daga ƙasa har sama. Kada ka tura ko sisi ta manhajar banki ta Bankak don hoto kawai. Kuma a cikin kuɗin ka ware na kwali biyu na risha, da man fistan, da man toshiyar wuyan saks, domin waɗannan su ne ke yankewa a kasuwanninmu.