Fasfo a Kaduna: ka cika da kanka ko ka ba dillali?

Ka cika fom da kanka a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, kuɗin da gwamnati ta yanke kawai za ka biya. Tun Satumbar 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuwa 200,000. Ka sa lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ka ɗora takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma, ka zaɓi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu.

Dillali zai ɗora nasa a kai, ya ce zai "ture" maka. Amma hoto da yatsu dai sai ka je da ƙafarka.

Abin da ya fi jawo jinkiri, dillali ba ya iya maganinsa, wato saɓanin bayanai. NIN ta ce Muhammad, takardar haihuwa ta ce Mohammed, ko shekara ta bambanta, sai fayil ya tsaya cik. Gyaran a hannun NIMC yake, hukumar da ke ba da lambar NIN, kuma gara a yi shi kafin a biya ko sisi. Dillali mai gaggawa kuwa, sau da yawa shi ke ƙara kuskuren, har ya sa lambar wayarsa a madadin taka, saƙon karɓar fasfo ya tafi wurinsa.