Okid ko tumfafiya: wanne za ka fara ɗauka a hoto?

Masu koyon hoton furanni sun sha tambayata: su nemi okid ne, wato wani furen ado da ake rainonsa a tukunya, ko su fara da na bakin hanya irin tumfafiya?

Wajen kuɗi, tazarar babba ce. Okid na da nau'i kusan 28,000, amma irin waɗanda ke cika hotuna sai a shagon furanni ko manyan lambuna, kamar na Singapo da aka buɗe sashensa na okid a 1995. Tumfafiya kuwa kyauta take a bayan gari.

Okid ya fi sauƙin sha'ani. Yana cikin tukunya, ka kai shi jikin taga, ka rataya baƙin ƙyalle a bayansa, babu iskar da za ta kaɗa shi. Nau'in Phalaenopsis yakan riƙe furensa wata biyu zuwa uku. Ita tumfafiya sai ka yi sammako kafin rana ta yi ƙarfi, ka tsuguna, ka jira iska ta lafa. Amma matso da kyamara ka gani: ganyen fure biyar, farare masu bakin shunayya, ga ɗan kambi a tsakiya kamar an sassaƙa shi. A ganina nan ido ya fi gogewa, don kai za ka nemo kyawun da kanka.

Hattara da nonon tumfafiya, in ya shiga ido akwai matsala. Okid kuma yawan ban ruwa ke ruɓar masa da saiwa.

Mai son sarrafa haske a ɗaki, in da hali, okid ne nasa. Mai waya kawai da son yawo, tumfafiya ta ishe shi.