Ruwan karan dawa na kasuwar Pitowa: yana rage ciyawa, ba ya gamawa da ita

Ranar Lahadi a kasuwar Pitowa, kusa da Garwa a arewacin Kamaru, akwai wani matashi da ke sayar da maganin ciyawa na haɗin gida. Busasshen karan dawa yake daddatsawa, kilo ɗaya a ruwa lita 10, ya kwana ya wuni a jiƙe, sannan ya tace ya tafasa har ya yi kauri. Jarka mai lita biyar sefa 1,500. Na saya ne don gonata ta masara a bakin Binuwai, inda maiɗakina ke shuka kuɓewa da yakuwa a tsakanin kunya, ba na son gilifosat, maganin kashe ciyawa na kanti, ya kusanci abin miya.

Dabarar ba ta boka ba ce. Masana a jami'ar aikin gona ta Faisalabad a Pakistan sun daɗe suna gwada ta a gonakin alkama, suna kiran ruwan da sunan sorgaab. Dawa na ɗauke da sinadaran da ke danne tsiron da ke kusa da ita, su ne ruwan ke tsotsowa.

Da na fesa, harƙiyar da ba ta wuce ganye biyu ko uku ba ta yi ɗorawa, ta tsaya cak. Da aka zo maimai fartanya ba ta sha wuya ba, 'yan ƙwadago ma sun tashi da wuri. Amma wadda ta riga ta yi ƙarfi ko gezau. Jiji ya ɗan yi laushi, mako guda ya sake tsirowa daga ƙasa. Ƙuduji kuwa kada ma ka sa rai.

Tacewar matashin ba ta yi kyau ba, bakin famfon feshi ya yi ta toshewa, sai da na sake tacewa da tsohon ɗankwali. Ragowar kuma ta yi tsami a zafin Garwa. Da na koma na yi masa ƙorafi, cewa ya yi, "Baba, ai sau biyu ake fesawa, tun ciyawa tana jaririya, kuma ba ranar hadari ba." Na ce, "To ɗana, me ya hana ka rubuta a jikin jarkar?" Ko takarda babu, balle ma'auni.

Gonar auduga dai tana nan kan maganin da kamfanin auduga na SODECOTON ke bayarwa bashi, ba zan yi caca da ita ba. Ta masara kuwa, baɗi da kaina zan jiƙa, in har na iya ƙwatar karan kafin Fulani su saye wa shanu.